Shekara Goma Sha Uku da Aka Zare wa Fasuma

Duk wanda ya taɓa zuwa sari Guangzhou daga Kano ko Maraɗi, ya kwana uku yana juya cokali a cikin abincin Sinawa, ƙarshenta sai wani ya tausaya masa ya kai shi wurin Hajiya Fasuma. Shagonta yana cikin wani lungu a Xiaobei, bayan dogayen benayen da ake sarin waya da atamfa. Tebur biyar ne kacal a ciki, amma tun daga bakin lungun ƙamshin daddawa yake tarar mutum. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka ko taushe. Gajera ce, baƙa, mai jiki, ba ta da yawan magana. Idan baƙo ya tambaye ta yadda aka yi ta zo ta zauna a wannan uwa duniya, sai ta ce, "Aure ne," ta ƙara masa miya.

Fasuma 'yar Gwammaja ce a cikin Kano. Mijinta na farko direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Legas ya bar ta da 'ya ɗaya, Najiba. Daga nan ta kafa benci a ƙofar wani kamfanin takalman roba a Sharaɗa tana sayar wa leburori abinci. Da wannan bencin ta raini 'yarta, ta yi mata karatu, ta aurar da ita.

A cikin Sinawan da ke kula da injinan kamfanin akwai wani siriri mai suna Ma, wanda ranar da aka fara ganinsa a sahun Juma'a sai da aka yi ta waiwaye. Ashe Musulmi ne gaba da baya, daga arewa maso yammacin ƙasarsu, sunan yankansa Isiyaku. Ba ya iya cin abincin 'yan'uwansa saboda naman da suke sawa, don haka ya koma bencin Fasuma. A kan bencin ya koyi Hausa, har da zagin leburori. Shekara shida yana cin tuwonta kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa.

Ta ce, "Malam Isiyaku, na girme ka fa. Ga shi har na aurar da 'ya."

Ya ce, "Na sani. Ai Nana Khadija ma ta girmi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi."

Aka ɗaura aure, unguwa ta yi surutunta ta gaji. Bayan shekara biyu kamfanin ya durƙushe saboda rashin wuta, Isiyaku ya ce su tafi ƙasarsu. Shi ya yi mata fasfo, shi ya cike kowace takarda, ita dai ta je an ɗauki hotonta ta dangwala yatsa. Fasuma ta yi allo har ta sauke, amma ba ta yi boko ba. Lambobi ta sani, saboda sana'a.

Shekara goma sha takwas suka yi a Guangzhou. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ke zuwa kasuwa da asuba, shi ke gyara firji da murhu, ita ke tuƙi. Sun je Makka tare. Ya yi ta zirga-zirga har ya samo mata katin zama na dindindin, wanda ba kowane baƙo ke samu ba. Ta koyi Sinancin kasuwa da na cikin gida, tana iya ciniki, tana iya faɗa da mai kifi. Amma Sinancin ofis da na asibiti ta bar wa maigida. Duk wata takarda mai hatimi tana cikin wata jaka ruwan ƙasa a saman kwaba, ba ta taɓa jin sha'awar buɗe ta ba.

Wata ranar Talata da la'asar, bayan ƙaramar Sallah, yana durƙushe yana duba bayan firji ya ce mata ƙirjinsa ya riƙe. Kafin motar asibiti ta samu hanyar shiga lungun, rai ya yi halinsa.

Ta yi takabarta a ɗakinsu da ke saman shagon. Najiba, wadda yanzu malamar firamare ce a Kano mai 'ya'ya biyar, ta yi ta roƙonta a waya ta tattaro ta dawo gida. Fasuma ta ce za ta yi tunani. Da ta fita takaba sai ta wanke tukwanenta ta buɗe shago.

Wanda ya taimaka aka mayar da lasisin shagon sunanta shi ne Dogara, mutumin Bogoro ta jihar Bauchi. Karatun likita ya kawo shi ƙasar tun yana saurayi, bai yi aikin likitan ba, ya zama tafintan da 'yan Afirka ke nema idan za su asibiti ko ofishin hukuma. Yanzu furfura ta fara cin kansa. Kirista ne, amma duk azumi a shagon Fasuma yake zama a sha ruwa da shi. Mama yake ce mata.

Cikin watan Oktoba saƙo ya shigo wayarta da rubutun Sinanci. Ta ajiye har Dogara ya zo cin abinci ta miƙa masa.

Ya karanta ya ce, "Mama, maganar inshorar lafiya ce ta gwamnati. Lokacin sabuntawa ya yi. Da Baba ne yake yi miki duk shekara, yanzu sai kin je da kanki."

Ranar Alhamis da hantsi suka tafi ofishin unguwa. Suka ciri lamba, suka zauna cikin tsofaffin Sinawa masu riƙe da takardu a leda, har aka kira su taga ta shida. Wata mata mai tabarau ta karɓi katin Fasuma ta ɗora a na'ura, ta yi bayani mai tsawo tana nuna allon kwamfuta. Dogara yana gyaɗa kai, sannan ya juyo.

"Ta ce tsari biyu ne a gabanki. Na farko na mazauna gari ne, shi Baba yake biya miki. Sau ɗaya ake biya a shekara, ba shi da tsada, amma abin da yake ɗauke wa mutum a asibiti bai taka kara ya karya ba idan ciwon babba ne. Na biyu na ma'aikata ne. Tunda shago ya koma sunanki, kin zama mai sana'ar kanki, kina iya shiga. Shi wata-wata ake biya, ya fi nauyi, amma ya fi ɗauke wa mutum kaya. Kuma idan kika cika shekarun da suka yanka kina biya, sai ki daina, su ci gaba da kula da ke har ƙarshen rai."

Fasuma ta ce, "Ita wanne ta gani?"

Ya tambaya, matar ta yi murmushi ta amsa.

"Ta ce in ita ce, na biyun za ta ɗauka, tunda ba ki kai shekarun ritaya ba. Ta ce shekara hamsin ai da sauranki."

"Wa ke da shekara hamsin?"

"Ke mana, Mama."

Fasuma ta yi 'yar dariya. Ta ɗauka fassarar ce ta kuɓuce masa. Ta ce ya sake tambaya. Matar ta juyo da allon kwamfutar ta ɗora farce a kan wani layi. Ga hoton Fasuma da mayafinta, ga lambobi a ƙasa: ɗaya, tara, bakwai, huɗu. Ranar ɗaya ga watan ɗaya.

Ta daɗe tana kallon lambobin. 

Ta ce, "Dogara, wace shekara aka canja kuɗi a gida, aka bar fam da sule aka koma naira?"

Ya ɗan yi tunani. "Saba'in da uku."

"To ni a lokacin ina tallan dafaffiyar gyaɗa a bakin tasha. Wani mutum ya miƙo mini sabon kwabo, na ƙi karɓa, na ce ba kuɗi ba ne, har aka taru ana yi mini dariya. Na isa ɗaukar faranti, na isa gardama da babba. Inna ta ce shekarata goma sha biyu a lokacin. Yanzu kana gaya mini ba a ma haife ni ba?"

Muryarta ta fara tashi, tsofaffin da ke zaune suka juyo. Dogara ya sunkuyo da sauri.

"Mama, don Allah rage murya. Ba a nan ba."

Mai tabarau ta tambayi abin da ya faru. Ya ce mata Hajiya tana son ta je ta yi shawara. Ta ce babu laifi, akwai lokaci har ƙarshen Disamba, ta miƙo katin da hannu biyu.

A waje Fasuma ta zauna a kan wani dakali ƙarƙashin bishiya. Can gefe wasu tsofaffin mata suna motsa jiki da maficai a hannu, rediyo na yi musu kiɗa.

Dogara ya ce, "Wallahi na ga shekarar tun lokacin lasisi. Na ɗauka kin sani. Rabin mutanenmu da nake kaiwa asibiti, shekarun takarda daban, na gaskiya daban. Amma biyu ne, uku ne. Ban taɓa ganin goma sha uku ba."

"Su kuma ba su da ido? Ba sa ganin fuskata?"

"Ba sa iya karanta shekaru a fuskarmu, kamar yadda mu ma ba ma iya karanta tasu."

Ya zauna kusa da ita ya warware mata abin da ke ciki. Duk wani sauƙi da ake yi wa tsofaffi a garin, na mota da na gwajin lafiya, da shekarun takarda ake yinsa. Wato sai ta haura saba'in kafin hukuma ta yarda ta kai sittin. Likita ma da abin da ya gani a kati yake auna magani. Sannan ya ƙara rage murya ya ce katin zamanta a kan wannan fasfon aka gina shi, don haka kada ta yi maganar da kowa tukuna.

Sai ta tuna wata rana a jirgin ƙasa, ta ga tsofaffi suna wucewa da wani kati daban, ta tambayi Isiyaku ko ita ba ta isa samu ba. Ya ce ba a ba wa baƙi, ya kawo wata hira. Yanzu ba ta san ko gaskiya ya faɗa ba.

Da ta koma gida bayan azahar ta kira Kano, inda gari bai daɗe da wayewa ba. Fasuma ba ta faɗin sunan 'yarta, 'yar fari ce.

Ta ce, "Ke 'yar nan, shekararki nawa?"

"Arba'in da biyar, Umma. Lafiya?"

Ta gaya mata. Najiba ta tuntsire da dariya.

"Wato kina da shekara biyar kika haife ni? Umma, ashe ƙawata ce ke ban sani ba!"

Da Najiba ta ji uwarta ba ta taya ta dariyar ba, sai ta daina. Ta ce, "Umma, kada ki sa wa ranki damuwa. Aikin masu cike fom ne na bakin ofis, abin da ya zo bakin alƙalaminsu suke rubutawa. Baba Isiyaku ma ƙila bai lura ba."

Fasuma ta so ta yarda da haka. Ta ajiye wayar, ta taka kujera ta sauko da jakar nan ruwan ƙasa, ta zazzage ta a kan gado. A can ƙasa ta samu kwafin fom ɗin fasfonta na farko, ya yi ja saboda daɗewa. Ba ta iya karanta kalmomin, amma ta san hannun mijinta a lambobi kamar yadda ta san tafin hannunta. Shekara goma sha takwas tana ganin yadda yake ja wa bakwai ɗan layi a tsakiya. Ga bakwai ɗin nan da layinta.

Washegari ba ta ɗora tukunya ba. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Sanyuanli, inda yayar Isiyaku take da shagon taliya ita da mijinta. Asiya sunanta, doguwa mai farar hula a ƙarƙashin mayafi. Fasuma ba ta nemi Dogara ba, wannan magana ce ta cikin gida, kuma Sinancinta ya isa.

Ta tarar an gama cinikin rana. Ba ta ko zauna ba ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Asiya ta kalla sau ɗaya, ta goge hannunta da tsumma, ta je ta janyo ƙofar shagon zuwa rabi. Ta haɗa shayi da dabino ta ajiye a gaban Fasuma, sannan ta zauna.

Ta ce, "Na san wata rana za ki zo da wannan."

Fasuma ta ce, "Kin sani ke nan, Yaya?"

Asiya ta ce Isiyaku shi kaɗai ne namiji a gidansu. Da ya aiko daga Kano cewa ya yi aure, mahaifiyarsu ta ce baƙa ko fara duk ɗaya ne a wurinta muddin tana sallah, amma sai wadda za ta haifa masa magaji. In ba haka ba kada ya kawo ta, kuma kada shi ma ya dawo. Ta tambayi shekarun matar. Ya ce ba ta kai talatin ba. Tsohuwa ta ce sai ta gani a takarda da idonta. Shi ne ya sa takarda ta faɗi haka.

"Kuma ta yarda?"

"Kwana uku ta yarda. Kin tuna zuwanku ƙauye na farko, da kika durƙusa kina zuba mata ruwan alwala? Ta kalli hannuwanki da wuyanki. Da kika fita ta ce mini, wannan ko ke ta girme ki. Ta kira shi ɗaki ta kwaɗa masa mari, yana da shekara kusan arba'in."

Fasuma ta tuna ranar. Ta tuna ya fito da kunci ja, ya ce mata sanyi ne.

"To me ya sa ba ta kore ni ba?"

"Ta ga yadda kike tashi sallar asuba cikin sanyin nan da ba ki saba ba. Ta ci abincinki. Ta ce laifin ɗanta ne, ba naki ba. Ta tara mu ta ce duk wanda ya gaya miki ba ta yafe ba, don za ki ji kunya, ki ga kamar da ƙarya kika shigo gidan."

Wannan tsohuwar ita ce Fasuma ta yi jinya shekara biyu a ɗakinsu na saman shago, tana yi mata wanka tana ba ta abinci a baki. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mata gorin haihuwa ba. Fasuma ta sha mamakin hakan, ta ɗauka haƙuri ne irin na tsofaffi.

Ta ce, "Wa da wa suka sani?"

Asiya ta sunkuyar da kai. "Kowa."

"Har mijinki?"

"Har yarana."

Fasuma ta riƙe kofin shayin da hannu biyu, ba ta sha ba. Duk bukukuwan da ta je, duk zaman makokin da ta yi a cikinsu, kowa yana ɗauke da labarinta ita ban da ita.

Asiya ta ce ya so ya gyara. Lokacin da yake nema mata katin dindindin ya yi tambaya a ɓoye, aka ce masa in aka ga saɓani a takardu komai na iya rushewa, har a ce ta bar ƙasar. Sai ya ja bakinsa. Ta ce, "Na sha ce masa ya gaya miki ko don ki sani. Ya ce gobe. Ina jin ya fi tsoronki a kan hukuma."

A hanyar komawa Fasuma ta wuce tasharta har biyu ba ta sani ba.

Kwana huɗu shagon yana rufe. 'Yan kasuwa suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa suna komawa, har aka fara cewa Hajiya ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau, fushi take yi da wanda ba ya nan balle ta tsare shi. Ba ta manta cewa don ya zauna da ita ya yi ba. Amma duk sanda ta zo yi masa addu'a bayan sallah, sai ta ji harshenta ya yi nauyi.

Rana ta biyar ta kira Dogara. Ba ta gaya masa dalilin ba, ta dai ce maigida ne ya rubuta, Allah ya jiƙansa. Shi ma bai tona ba.

Ya ce, "Mama, in shawarata kike so, ki ɗauki tsari na biyu. Gwiwoyinki sun fara ba ki wahala, gaba ba a san abin da zai zo ba. Takarda ta ba ki dama, ba ke kika rubuta ta ba."

Ta ce, "In da shekaruna na gaskiya ne a jiki, za su bar ni in shiga?"

Ya ce, "A'a. Kin wuce."

"To ba nawa ba ne. Da ban sani ba, da sauƙi. Yanzu na sani, in na sa hannu ni na yi ƙaryar da kaina. Kuma shekara nawa ta ce zan yi ina biya kafin su sallame ni?"

"Ta ce za a haura ashirin, tunda yanzu za ki fara."

"Ka ji. Ina da tamanin da wani abu, ina tuƙa tuwo don in biya hukuma wata-wata. Na farkon fa, shi ma sai mai ƙuruciya?"

"Shi ko shekararki ɗari kina da haƙƙinsa."

"Shi nake so."

Kafin su koma ofis sai da ta sa ya kai ta wurin wani lauya a kan maganar gyara shekarun. Lauyan ya ce ana iya gwadawa, amma sai ta koma gida an sake takardu tun daga tushe, zai ɗauki lokaci, kuma ba zai iya yi mata alkawarin katin zamanta zai tsira ba. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya. A bakin ƙofa ta ce wa Dogara a bar takardar yadda take, amma ba za ta ci komai da ita ba.

Mai tabarau ta yi mamakin zaɓin, ta sake tambaya har sau biyu, sannan ta buga. Ta ce saura Hajiya ta zaɓi ƙaramin asibitin unguwa da za ta riƙa zuwa, don a nan ne sauƙin ya fi yawa. Fasuma ta zaɓi wanda ke bayan kasuwar kayan miya, inda za ta iya takawa da ƙafa.

Mako guda bayan haka ta je can tare da Dogara a kan ciwon gwiwa. Likitar wata dattijuwa ce mai gajeren gashi. Tana duba kwamfuta Fasuma ta taɓa hannun Dogara.

"Gaya mata shekarata sittin da uku."

"Mama…"

"Hukuma na ɓoye wa. Wadda za ta ba ni abin da zan haɗiya ba zan ɓoye mata ba. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, na iya ƙirga da Sinanci."

Ya faɗa. Likitar ta cire tabarau ta kalli Fasuma, ta kalli allon, ta sake kallonta. Ta ce ita aikinta jiki ne, ba fasfo ba. Ta tambayi magungunan da take sha. Fasuma ta fito da ƙwayar ciwon gwiwa da ta shekara biyar tana sha kusan kullum. Likitar ta juya kwalin, fuskarta ta canja, ta rubuta gwajin jini da na ƙashi.

Da sakamako ya fito, Dogara ya karanta ya fassara. Ƙodarta ta fara gajiya, kuma ƙwayar nan tana cikin abin da ya jawo. Ƙashinta ya yi laushi irin na shekarunta na gaskiya. Likitar ta ce da an san shekarun tun farko, da an daɗe da yin waɗannan gwaje-gwajen. Ta ce an tari abin da sauran dama, amma daga yau ta daina shan ƙwayar.

Fasuma ta zauna riƙe da takardar. Isiyaku ne yake sayo mata ƙwayar da hannunsa. Shi ne yake zama a gefenta gaban likitoci, ana karanta shekarun da ya san ba su ba ne. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau uku. Likitar ta rubuta shekarun gaskiya a cikin bayanin jinyarta, ta canja mata magani, ta ce ta dawo duk wata.

Tun daga nan kwana huɗu take buɗe shago a mako, kuma a zaune take tuƙi, a kan wata doguwar kujera da Dogara ya samo mata. Inshorar tana ɗauke wani kaso na maganin, sauran ta cika. Ƙodar ba ta warke ba, amma ba ta ƙara lalacewa ba. Ta gaya wa Najiba gaskiyar wanda ya rubuta, Najiba ta yi kuka, ta sake cewa ta dawo gida. Fasuma ta ce za ta zo ganin jikoki da babbar Sallah, amma da tikitin dawowa.

Ranar da Isiyaku ya cika shekara da rasuwa, Asiya ta zo da hantsi ɗauke da buhun fulawa da galan ɗin mai. Al'adarsu ce a soya wata gurasa mai kama da fanke a raba sadaka don mamaci. Wata shida ke nan ba su ga juna ba. Fasuma ta tsaya a ƙofa tana kallonta, sannan ta matsa ta ba ta hanya.

Suka kwaɓa tare. Asiya tana faɗaɗa ƙullun da tafin hannu tana sakawa a mai, Fasuma tana tsamewa. Sai da kwando ya kusa cika Asiya ta yi magana, kuma da sunan da ake kiran babbar 'yar'uwa ta kira ta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, kin yafe masa?"

Fasuma ta ɗaga ɗaya da matsami ta bar man ya tsane.

Ta ce, "Abin da ya rubuta na yafe tuni. Shirun da ya yi ne nake ta fama da shi. Amma na dawo da yi masa addu'a." Ta nuna kaskon da haɓa. "Juya na gefen can, zai ƙone."